Daga ɗakin binciken jami'a zuwa cikin salula: su wa suka koya wa na'ura fassara, kuma wace Hausa ta iya?

Matashin da ya tafi ci-rani Aljeriya ko Beljiyam, idan takardar hukuma ta iso masa da yaren da bai ƙware a kai ba, abu na farko da yakan yi shi ne ya ɗauko salula ya zuba rubutun a Google Translate. Haka ma ɗan kasuwar Maraɗi da ke ciniki ta WhatsApp da mai kaya a ƙasar Sin. Kafin ƙiftawar ido fassara ta fito. Wani lokaci ta yi daidai, wani lokaci ta ba da dariya, wani lokacin kuma ta ɓatar da mutum a kan maganar kuɗi ko ta lafiya.

A watan Disamba na 2013 ne Google ya saka Hausa cikin harsunan da manhajar ke fassarawa, tare da Yarbanci, Ibo, Zulu da harshen Somaliya. Akasarin masu amfani da ita na ɗauka cewa kamfanin ne ya ƙirƙiro komai. Sai dai manyan dabarun da ke aiki a cikinta a yau sun samo asali ne daga jami'o'i, musamman biyu na ƙasar Kanada, ta Toronto da ta Montreal, a shekarun da kamfanoni ba su hango wata riba a cikin aikin ba. Har yanzu kuma, irin Hausar da na'urar ta iya da wadda ba ta iya ba, ya danganta sosai da aikin da malamai da ɗaliban jami'a suka yi ko suka bari.

Shekarun da ba mai so

Tun farkon binciken ƙirƙirarriyar basira masana sun rabu gida biyu. Wasu na ganin a rubuta wa kwamfuta dokoki ɗaya bayan ɗaya ta bi. Wasu kuma na ganin a bar ta ta koya daga misalai, ta hanyar wani tsari da ke kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Tsarin ba komai ba ne illa ƙananan lissafai masu yawan gaske da aka jera hawa-hawa, kowanne haɗe da na gabansa, kowace mahaɗa kuma tana ɗauke da wata lamba. Idan aka nuna wa tsarin hoton akuya ya ce kare ne, sai a bi kuskuren baya-baya a ɗan gyara lambobin. Idan aka maimaita haka sau miliyoyi, kuskuren yakan ragu.

Wannan hanyar gyara kuskure ta yi suna ne da wata maƙala da David Rumelhart, Geoffrey Hinton da Ronald Williams suka wallafa a mujallar Nature a 1986. Hinton ɗan Ingila ne, ya kammala digirin digirgir a Edinburgh a 1978, ya koyar a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, sannan ya koma Toronto a 1987. Daga cikin dalilansa na barin Amurka akwai yadda mafi yawan kuɗin binciken fannin ke fitowa daga ma'aikatar tsaron ƙasar.

Wani Bafaranshe da ya yi aiki a ƙarƙashinsa na ɗan lokaci, Yann LeCun, ya wuce cibiyar binciken Bell Labs ta Amurka, inda ya gina tsarin da bankuna suka yi amfani da shi a shekarun 1990 wajen karanta lambobin da aka rubuta da hannu a kan cak. Bayan wannan nasarar, abin ya yi sanyi. Kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfi, misalan da za a koyar da su ba su da yawa, kuma wasu hanyoyin lissafi sun fi ba da sakamako. Yawancin masu bincike suka juya baya.

Waɗanda suka rage sun samu mafaka a Kanada. A 2004 cibiyar CIFAR mai tallafa wa bincike na dogon zango ta buɗe wani shiri ƙarƙashin jagorancin Hinton, wanda ya riƙa haɗa shi da LeCun, da Yoshua Bengio na Jami'ar Montreal, da ɗalibansu a tarurruka da kwasa-kwasan bazara. Ba a ɗora musu sharaɗin fitar da hajar sayarwa ba. A 2009 biyu daga cikin ɗaliban Hinton, George Dahl da Abdel-rahman Mohamed ɗan ƙasar Masar, suka nuna cewa tsarin na iya gane maganar baki fiye da hanyoyin da aka saba. Zuwa 2012 dabarar ta shiga wayoyin Android, a sashen da ke sauraren muryar mai waya.

Gasar 2012

Abu biyu suka haɗu suka sauya lamarin, kuma dukansu akwai hannun jami'a a ciki. Na farko shi ne tarin misalai. Fei-Fei Li, malama ƴar asalin ƙasar Sin da ke Jami'ar Princeton kafin ta koma Stanford, ta jagoranci tattara miliyoyin hotuna daga intanet, aka biya dubban mutane ƙananan kuɗi suna laƙaba wa kowane hoto sunan abin da ke cikinsa. An gabatar da tarin mai suna ImageNet a 2009, daga 2010 kuma aka fara gasar shekara-shekara a kansa: hotuna kimanin miliyan 1 da dubu 200 na koyo, nau'in abubuwa 1,000, kuma na'ura na da damar canka sau biyar a kan kowane hoto.

Na biyu shi ne ƙarfin lissafi. Katin sarrafa hoto da kamfanin Nvidia ke ƙerawa domin masu wasannin bidiyo ya iya yin dubban ƙananan lissafai a lokaci guda. Wani ɗalibin digirin digirgir a Stanford, Ian Buck, ya yi bincikensa a kan yadda za a sa irin wannan katin ya yi aikin da ba na wasa ba. Da ya gama sai Nvidia ya ɗauke shi, ya jagoranci gina manhajar CUDA da ta buɗe katin ga masu bincike.

A 2012 wasu ɗaliban Hinton biyu, Alex Krizhevsky wanda aka haifa a Yukren da Ilya Sutskever wanda aka haifa a Rasha ya girma a Isra'ila, suka shiga gasar. Sun horar da tsarinsu a kan katin Nvidia guda biyu kacal, irin na kasuwa, cikin kwana biyar zuwa shida. Kuskurensu ya tsaya a kimanin kashi 15 cikin 100, alhali wanda ya zo na biyu yana da kashi 26. A fagen da aka saba ganin ci gaban kashi ɗaya ko biyu a shekara, wannan tazarar ta isa ta tayar da manyan kamfanoni tsaye.

Gwanjon mutum uku

Hinton da ɗalibansa biyu suka yi rajistar wani ƙaramin kamfani mai suna DNNresearch, wanda ba shi da haja ko kwastoma, sai su ukun. Kamar yadda ɗan jaridar New York Times Cade Metz ya ruwaito, a watan Disamba na 2012 an yi gwanjon kamfanin ta saƙon imel tsakanin Google, Microsoft, Baidu na ƙasar Sin da DeepMind na Landan. Hinton ya dakatar da tayin a kan dalar Amurka miliyan 44, kimanin biliyan 22 na sefa a canjin lokacin, ya zaɓi Google. An sanar da cinikin a watan Maris na 2013.

Daga nan aka shiga wawason malamai. A Disamba na 2013 Facebook ya ɗauki LeCun daga Jami'ar New York domin ya kafa masa cibiyar bincike. A 2015 kamfanin sufuri na Uber ya kwashe masu bincike da injiniyoyi kimanin 40 daga cibiyar mutum-mutumi ta Carnegie Mellon a lokaci guda. A ƙarshen wannan shekarar Sutskever ya bar Google ya shiga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, kamfanin da ya fitar da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022.

Yadda fassara ta sauya a Montreal

Daga cikin manyan ukun, Bengio ne ya ci gaba da zama cikakken malamin jami'a, kuma a ɗakin bincikensa ne aka warware wata babbar matsala ta fassara.

Google Translate na farko, wanda aka ƙaddamar a 2006, yana yanyanka jumla ne gutsure-gutsure, ya nemo wa kowane gutsure takwaransa bisa ƙididdigar abin da ya gani a rubuce-rubucen da mutane suka fassara, sannan ya jona su. Shi ya sa fassarar kan fito kamar rigar da aka haɗa da ƙyallaye. A 2014 masu bincike, ciki har da Sutskever a Google, suka gwada barin tsarin jijiyoyin ya karanta jumla gaba ɗaya, ya dunƙule ma'anarta cikin jerin lambobi, sannan ya rubuto ta da wani harshe. Matsalar ita ce idan jumla ta yi tsawo, dunƙulen ba ya iya riƙe komai.

Dzmitry Bahdanau, ɗalibi ɗan ƙasar Belarus da ke digiri na biyu a birnin Bremen na Jamus, ya je Montreal neman ƙwarewa na ƴan watanni. Tare da Kyunghyun Cho ɗan Koriya ta Kudu da Bengio, suka fitar da mafita a watan Satumba na 2014. Maimakon na'ura ta haddace jumlar duka, a duk lokacin da za ta rubuta sabuwar kalma sai ta waiwayi jumlar asali ta auna waɗanne kalmomi ne suka fi dacewa ta duba a daidai wannan gaɓar, kamar yadda tafinta ke yi idan takarda na gabansa. Dabarar ta samu sunan maida hankali, kuma a kan fassarar Ingilishi zuwa Faransanci aka gwada ta.

Sun wallafa binciken a fili, kowa na iya karantawa kyauta. A watan Nuwamba na 2016 Google ya sauya fassarar harsuna takwas zuwa sabon tsarin, ciki har da Faransanci, Jamusanci, Sinanci da Turkanci, daga baya ya faɗaɗa zuwa sauran. A 2017 masu bincike takwas na Google suka gina wani tsari mai suna Transformer wanda ya dogara kacokan a kan maida hankali. A kansa ChatGPT da takwarorinsa suke tsaye.

Ragamar ta koma hannun kamfanoni

Hinton, LeCun da Bengio sun raba lambar yabo ta Turing ta 2018, mafi girma a kimiyyar kwamfuta, Hinton kuma ya ƙara da kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 2024 tare da John Hopfield. Amma a daidai wannan lokacin ƙarfin jami'o'i a fagen ya ragu. Rahoton da Jami'ar Stanford ke fitarwa duk shekara kan ƙirƙirarriyar basira ya nuna cewa a 2023 kamfanoni sun fitar da fitattun tsaruka 51, jami'o'i kuma 15. Rahoton ya ƙiyasta cewa kuɗin lissafin horar da GPT-4 kaɗai ya kai dalar Amurka miliyan 78. A 2011 sabbin masu digirin digirgir na fannin a Amurka da Kanada sun rabu kusan daidai tsakanin kamfanoni da jami'o'i. Zuwa 2022 kimanin kashi 70 cikin 100 kamfanoni suke shiga.

Ita kanta Kanada ta ji a jikinta. A 2017 gwamnatinta ta ware dalar Kanada miliyan 125 domin riƙe masu bincike a cibiyoyi uku, Mila a Montreal, Vector a Toronto da Amii a Edmonton. Duk da haka Element AI, kamfanin da Bengio ya taimaka aka kafa a Montreal a 2016, ya ƙare a hannun kamfanin ServiceNow na Amurka a 2020. Akwai jami'ar da ta ci moriyar abin da ɗalibanta suka ƙirƙiro: Stanford ta karɓi hannun jari a Google a madadin haƙƙin dabarar binciken intanet da Larry Page da Sergey Brin suka fara a can, ta sayar da shi dalar Amurka miliyan 336 a 2005. Irin wannan bai cika faruwa ba.

Ina Hausa a ciki?

Dabarar Montreal ba ta san wani harshe ba sai wanda aka ciyar da ita. Tana buƙatar jumloli masu yawa da mutane suka riga suka fassara. Faransanci da Ingilishi na da miliyoyinsu daga majalisar dokokin Kanada, Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya. Ga yawancin harsunan Afirka kuwa, abin da aka fi samu shi ne littattafan addini da abin da aka kwaso daga intanet ba tare da tacewa ba. Wani bincike da masana da dama suka haɗu suka yi, ciki har da ƴan Afirka, ya duba irin waɗannan tarin rubuce-rubuce guda 205, ya gano cewa aƙalla 15 daga ciki ba su da wani rubutu mai amfani ko kaɗan.

Wannan giɓin ma ƴan jami'a ne suka shiga cikewa. A 2019 aka kafa Masakhane, ƙungiyar masu bincike ƴan Afirka wadda sunanta ke nufin mu gina tare da harshen Zulu. A 2021 ta fitar da tarin labarai na harsuna goma, har da Hausa, waɗanda aka yi wa alama domin koya wa na'ura gane sunayen mutane, wurare da hukumomi. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga cikin Hausa, Ibo, Yarbanci da Burokan Ingilishi, waɗanda masu harshen suka tantance ko na yabo ne, na suka, ko na tsaka-tsaki. A 2021 ne kuma aka saka Hausa da Ingilishi a babbar gasar fassarar na'ura ta duniya, WMT, a 2022 Meta ya fitar da tsarin fassara na harsuna 200 da ya haɗa da Hausa.

Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A 2018, lokacin da aka yi babban taron fannin a Montreal, Kanada ta hana masu bincike da dama daga Afirka biza, lamarin da Bengio ya fito fili ya soka. Sai a watan Mayu na 2023 ɗaya daga cikin manyan tarurrukan, ICLR, ya sauka a Afirka, a birnin Kigali.

Ga ɗan Nijar, akwai giɓi a cikin giɓin. Manyan tarin da aka sani na haɗa Hausa ne da Ingilishi, kuma Hausar Najeriya da ta kafafen yaɗa labarai na ƙetare ce ta fi yawa a ciki. Takardun asibiti, na kotu da na makaranta a Nijar kuwa da Faransanci suke. Kalmomi irin su lakwal, mushe da lokotoro, waɗanda kowane yaro ya sani a Damagaram ko Tawa, ba kasafai suke fitowa a waɗancan rubuce-rubucen ba. Harafin ƴ da ake rubutawa a nan, a Najeriya 'y ne. Mafi haɗari ita ce maganar kuɗi. A kasuwar Maraɗi dala ashirin sefa 100 ce, jika biyar kuma sefa 5,000. Na'urar da ta koyi Hausa daga labaran duniya, inda dala ke nufin kuɗin Amurka, tana da kowane dalili na fassara dala ashirin da dalar Amurka 20, wato sama da jika goma. Ɗan ci-ranin da ya dogara da ita wajen bayyana wa wani baƙo farashi ko bashi na iya shiga rigimar da bai san mafarinta ba.

Aikin da bai fi ƙarfin Yamai da Maraɗi ba

Babu jami'a a yankin Sahel da za ta horar da tsari na dalar Amurka miliyan 78, kuma ba lallai ne ta yi ba. A 2022 wata tawagar Masakhane ƙarƙashin David Adelani, ɗan Najeriya da ke karatun digirin digirgir a Jami'ar Saarland ta Jamus a lokacin, ta gwada harsunan Afirka 16. Sakamakon ya nuna cewa idan aka ɗauko babban tsarin da wasu suka riga suka horar, aka ƙara masa ƴan dubban jumloli da ƙwararru suka fassara da kyau, fassarar na inganta sosai. A wannan aikin an haɗa Bambara, Wolof da Moore da Faransanci, Hausa kuwa da Ingilishi. Adelani a yanzu malami ne a Jami'ar McGill kuma mamba a Mila, cibiyar da Bengio ya kafa. Ta fannin Zabarmanci an riga an fara: a 2024 aka gabatar da Feriji, tarin jumlolin Faransanci da Zabarmanci tare da manhajar fassara.

Kayan aikin Hausa da Faransanci suna nan a ƙasa. Gidan rediyon Voix du Sahel da Studio Kalangou na watsa labarai da harsunan biyu, abin da ke nufin ana yin fassara kusan kullum a ɗakunan labarai. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka, dukansu a Yamai, na ajiye da tsofaffin rubuce-rubuce da muryoyin da aka naɗa. Jami'ar Abdou Moumouni na da sashen nazarin harsuna da na lissafi da kwamfuta, ga kuma jami'o'in Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram da Djibo Hamani a Tawa, a tsakiyar ƙasar Hausa. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, lamarin da zai ƙara buƙatar fassara tsakaninsu a ma'aikatu.

Lissafin ba mai wuya ba ne: ɗalibai 30, kowanne ya fassara jumloli 100 ƙarƙashin kulawar malamin harshe, sun ba da jumloli 3,000, adadin da ke cikin zangon da binciken Adelani ya nuna yana kawo canji. Abin da ke buƙatar shawara tun kafin a fara shi ne mallaka: wa zai riƙe tarin, wa aka yarje wa amfani da shi kyauta, kuma kamfanin da zai ci riba da shi me zai mayar wa jami'ar da masu fassarar. Tsakanin maƙalar 1986 da gasar 2012 shekara 26 ce, kuma jami'o'i ne suka riƙe aikin a mafi yawan wannan lokacin kafin kamfanoni su zo tayi. Koya wa na'ura cewa dala ashirin a Maraɗi sefa 100 ce ba zai ɗauki ko kusa da haka ba, amma sai an samu wanda ya zauna ya rubuta mata.